Tambaya da Amsa: Gadar Dutsen da Aka Yi wa Laƙabi da "Wautar Latrobe"

TAMBAYA

Ni tsohon ma'aikacin reluwe ne, na yi aikin gyaran dogo har ƙarfina ya ƙare. Kwanakin baya jikana ya nuna mini hoton wata gada a wayarsa, ta dutse zalla, bakuna a jere, ga jirgin kaya a kanta. Ya ce a Amurka take, sunanta Thomas, wai tun 1835 aka gina ta kuma har gobe jirgi na hawa. Na ce masa gani ya kori ji, amma hoton waya ba gani ba ne. Na san gadar Jebba, na san ta Makurɗi, duk ƙarfe ne, na kuma san wahalar da ake sha wajen kankare tsatsa da shafa fenti. To Malam, gaskiya ne? In gaskiya ne, ta yaya dutse ba rodi ba kankare zai ɗauki kan jirgi na zamani? Sannan me ya hana Turawa su gina mana irinta a nan?

Daga wani mai karatu, Sabon Garin Zariya.

AMSA

Jikanka bai yi maka ƙarya ba. Gadar tana nan a jihar Maryland, a kan kogin Patapsco, tsakanin wani ƙaramin gari da ake kira Relay da wani mai suna Elkridge, kudu maso yamma da birnin Baltimore. An fara ta a 1833, aka kammala ranar 4 ga Yuli, 1835. Tsawonta mita 187, tsayinta daga ruwa zuwa dogo kimanin mita 18, faɗinta mita 8. Bakunanta takwas, kowanne ya kai wajen mita 18 daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Dutsen kuwa irin na Kufena ne da ke bayan garinku, mai tauri, an fasa shi ne a duwatsun da ke kwarin kogin. Yau jiragen kaya na kamfanin CSX suna bi ta kanta, haka ma jiragen fasinja na MARC masu jigilar ma'aikata tsakanin Baltimore da Washington.

Tsoron talauci ne ya haifi layin da gadar take kai. A 1825 jihar New York ta buɗe mashigin ruwa na Erie, wanda aka haƙa da hannu tsawon kilomita kusan 580, ya haɗa kogin Hudson da manyan tafkunan arewa. Nan da nan alkama da katako da duk amfanin ƙasashen yamma suka fara kwarara zuwa birnin New York cikin araha. Attajiran Baltimore, wanda a ƙidayar 1830 shi ne birni na biyu a yawan jama'a a Amurka, suka ga kasuwa na shirin tashi ta bar su da rumfuna. Tsakaninsu da kogin Ohio akwai jerin tsaunuka, haƙa mashigin ruwa ta cikinsu kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Sai wasu daga cikinsu, musamman Philip Thomas da George Brown, suka kawo shawarar a gwada sabon abin da aka ji Ingila ta soma, wato dogo. A 1827 aka kafa kamfanin Baltimore da Ohio, wanda aka fi sani da B&O, Philip Thomas ya zama shugabansa na farko, kuma sunansa ne aka sa wa gadar. Ranar 4 ga Yuli, 1828 aka aza harsashin layin. Wanda ya aza shi tsoho ne ɗan shekara 90, Charles Carroll, mutum na ƙarshe da ya rage a raye cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin Amurka.

Da layin farko ya buɗe a 1830, dawaki ne ke jan taragu, tsawon kilomita 21 zuwa Ellicott's Mills. A Relay ake sauya dawakin da suka gaji. Mutanen da suka zauna suna shawarar gadoji a wannan layi ba su da masaniya a kan nauyin da jirgi zai kai nan gaba. Kan jirgin da suka mallaka a farkon shekarun 1830 bai wuce tan 6 zuwa 8 ba, wato tirela ɗaya ta yau da kayanta ta ninka shi sau da yawa.

Tun a lokacin ma an yi gardama mai zafi a cikin kamfanin. Injiniyoyin soja da gwamnati ta ba su aro, irin su Stephen Long, suka ce a yi gadojin katako: ƙasar cike take da itatuwa, aikin zai yi sauri, kuɗin da ya rage a ƙara tsawon layi da shi. Mai kula da gine-gine, Caspar Wever, ya kafe a kan dutse, shugabannin kamfani kuma suka goyi bayansa, don suna son abin da zai yi kama da na Ingila, wanda za a nuna wa masu hannun jari a ce ga inda kuɗinku ya shiga. Long ya bar kamfanin. Gadojin farko na B&O, irin su Carrollton da Patterson, duk suka tashi da dutse, kuɗi kuma ya yi ta zurarewa.

Da aka zo yin reshe zuwa Washington, babban birnin ƙasa, sai aka ci karo da matsala. Babban layi yana bin gefen kogin Patapsco ne. Reshen kuwa dole ya rabu da shi a Relay, ya juya, ya tsallake kwarin kogin zuwa tudun Elkridge. Babu filin da za a gama juyawa kafin a hau gada, don haka ita kanta gadar ce za ta lanƙwasa. Aka ɗora aikin zanen a kan wani saurayi, Benjamin Henry Latrobe ƙarami. Mahaifinsa shahararren mai zanen gine-gine ne da ya yi aiki a ginin majalisar dokokin Amurka, amma shi ɗan lauya ya karanta, daga baya ya ajiye ya shiga kamfanin a matsayin ɗan safiyo. Ba abin mamaki ba ne da mutane suka yi ta gunaguni. Suka sa wa aikin suna "Wautar Latrobe", wasu suka ce ko jirgi bai hau ba nauyin kanta zai kayar da ita.

Wahalar baka a kan kwana ita ce, gefen waje ya fi gefen ciki tsawo. In aka ce kowane baka ya karkace don ya bi kwanar, to kowane dutse sai an sassaƙa shi da nasa fasali dabam, kuskure kaɗan kuma ya ɓata lissafi. Dabarar Latrobe ita ce ya zuba mafi yawan lanƙwasar a cikin ginshiƙai. Ya tsara fuskokin kowane ginshiƙi su dubi tsakiyar da'irar da kwanar take bi, sai ginshiƙin ya fito da kauri a gefen waje, ya ɗan tsuke a gefen ciki. Bakunan suka zauna kusan a miƙe tsakanin ginshiƙai, amma in ka tsaya daga nesa sai ka ga gada ta tanƙwaru sumul. Ita ce gadar jirgin ƙasa ta farko a Amurka mai bakunan dutse da yawa da aka gina a kan kwana, kuma a ranar da aka gama ta babu gadar dogo da ta kai ta girma a ƙasar.

Ɗan kwangilar da ya yi ginin sunansa John McCartney, mutumin Ohio. Dutsen da aka zuba ya haura kubik mita 18,700, kuɗin kuma ya kama dala 142,236. Babu injin ɗaga kaya irin na yau. Akwai ƙarfin mutum, da doki, da igiya, da gwangwala mai kura. Yadda ake gina irin wannan baka kuwa abin kallo ne. Bayan ginshiƙai sun tashi, kafintoci za su haɗa wani ƙaton katako mai siffar bakan, su kafa shi a tsakani. Magina su fara jera duwatsu a bayansa daga hagu da dama lokaci guda, don kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya ya murɗe katakon. Kowane dutse an sassaƙa shi bakinsa na ƙasa ya fi na sama tsukewa. Ana hawa ana hawa har a haɗu a ƙololuwa, a saka dutsen ƙarshe ya kulle sauran. Sa'an nan a zo wurin da zuciyar kowa ke bugawa: a sassauta katakon a hankali, a bar duwatsun su zauna a kan junansu. In an yi daidai, bakan zai ɗan nitse kaɗan ya tsaya cak, a kwashe katakon a kai gaba.

Galibin leburorin layin baƙi ne 'yan ci-rani daga Ailan da Jamus, ana biyansu kaɗan, suna kwana a bukkoki a gefen aiki. A 1834 rikici ya yi ta ɓarkewa a sansanoninsu a kan reshen Washington, har a watan Nuwamba aka kashe masu kula da aiki biyu, aka turo dakaru suka kama ɗaruruwan ma'aikata. Da aka gama gadar, McCartney ya kafa wani dogon dutsen tunawa a bakinta, tsayinsa ya kusa mita 5, ya rubuta sunansa da na injiniya da na manyan kamfani. Ka san yadda abin yake, Baba, ba sai na faɗa maka sunayen su wa ba su hau ba. Ana ma ba da labarin cewa ranar biki ya sa wasu daga cikin ma'aikatansa sun durƙusa ya zuba musu barasa a ka, wai yana yi musu wankan tsarki, alhali shugabannin kamfanin sun daɗe suna fama da hana giya a wurin aiki. Ranar 25 ga Agusta, 1835 aka buɗe reshen, jirgin ƙasa ya shiga Washington karo na farko.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce gishirin wasiƙar. Dutse yana da hali guda: in ka danne shi, sai dai ka gaji, in ka ja shi ko ka tanƙwara shi, nan da nan ya tsage. Ɗauki doguwar falalen dutse ka ɗora bakinta biyu a kan ginshiƙai, ka aza kaya a tsakiya. Samanta na matsuwa, ƙasanta na buɗewa, kuma daga ƙasan za ta karye. Shi ya sa ake saka rodi a cikin kankare, don rodin ya riƙe wurin da ake ja. Baka kuwa an ƙirƙire shi ne don kada a ja komai. Duk nauyin da ya sauka a samansa yana bin lanƙwasar, kowane dutse ya tura na kusa da shi, har nauyin ya gangara cikin ginshiƙi ya shiga ƙasa. Ƙarin kaya ƙarin matsewa ne, matsewa kuwa ita dutse ya fi iyawa. Kwaɓin da ke tsakanin duwatsun, wanda a zamanin daga ƙonannen farin dutse ake yinsa, ba shi ke riƙe da gadar ba. Aikinsa ya cike gurbi, nauyi ya bazu daidai, ruwa kuma kada ya samu hanya.

Kai da kake Zariya ba baƙon wannan siffa ba ne. Bakan gizon da ke cikin tsohon Masallacin Juma'a na birni, aikin Babban Gwani a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kusan sa'an wannan gada ne a shekaru. Sai dai akwai bambanci. Maginin Hausa yana binne azara a cikin ƙasa, tana fitowa mataki-mataki har bakan ya haɗu, don haka azarar na ɗaukar wani ɓangare na ja da tanƙwara. Bakan dutse ba shi da komai a ciki sai dutsen da lissafi.

Baka yana da nasa sharri. Ba ƙasa kawai yake dannawa ba, yana tura ginshiƙansa waje, yana neman ya baje. A jeren bakuna takwas, turin na ɗaya yana kashe turin maƙwabcinsa, na farko da na ƙarshe kuma su jingina da manyan katangun da aka kafe a jikin tudu. Ma'ana, duk suna rataye da juna. In ruwa ya rarake gindin ginshiƙi ɗaya ya zame, bakuna biyu sun tafi, na kusa da su kuma sun rasa abin da ke tare su.

Sai batun nauyi, wanda a ganina shi ne ainihin sirrin. Ka lissafa: kubik mita 18,700 na irin wannan dutse ya doshi tan 50,000. Kan jirgi na zamani ya kai tan 190 zuwa 200, tarago cike da kaya kuma wajen tan 130. Iyakar abin da zai iya hawa tsawon mita 187 a lokaci guda bai wuce kai biyu da taragu tara ko goma ba. Ko da jirage biyu suka haɗu a kan layukanta biyu, jimillar ba za ta wuce tan 3,000 da 'yan kai ba. Wannan ƙiyasina ne, amma ko an ƙara ko an rage, bai kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin gadar ba. Tun 1835 babban aikin gadar shi ne ɗaukar kanta. Jirgi ɗan ƙari ne a kai. Gadar ƙarfe ba haka take ba. Ita marar nauyi ce, jirgin da ke kanta kan yi kusa da nauyinta ko ya fi, kowane wucewa tana lanƙwasa tana miƙewa, ƙusoshi na sassautawa, ƙarfe na gajiya. Shi ya sa in kan jirgi ya ƙara nauyi sai a sauya gadar ƙarfe ko a ƙarfafa ta, ta dutse kuwa ko a jikinta.

Saboda haka ban yarda da masu cewa Latrobe ya hango jiragen yau ba. Bai hango ba, babu wanda ya hango. Ya yi gini ne da abin da ba ya yiwuwa a yi shi siriri, ya kuma ƙara kauri saboda taka-tsantsan, tunda ilmin auna ƙarfin gini bai nuna ba a lokacin. Inda za a yaba wa kamfanin da gaske shi ne faɗi: sun yi ta mai ɗaukar layi biyu tun farko. Da sun yi ta tsukakkiya, da tuni an yi watsi da ita ko da ba ta tsage ba.

Abubuwan da suka bi ta kanta ma sun isa littafi. A 1843 majalisar Amurka ta ba Samuel Morse dala 30,000 ya gwada wayar tangaraho tsakanin Baltimore da Washington, aka ba shi izinin bin gefen dogon B&O. Da farko binne wayar ake yi a cikin bututun darma, wani mai suna Ezra Cornell na sarrafa garmar da ke tona rami tana shimfiɗa bututun. Suna isowa wajen Relay sai Morse ya gano wayar na zubar da wuta a cikin ƙasa, aikin ya lalace. Yana tsoron 'yan jarida su ji, sai Cornell ya kai garmar kan dutse da gangan ya karya ta, aka sanar cewa an dakata ne don gyaran garma. A cikin wannan hutu suka yanke shawarar ɗora waya a kan turaku, kuma ranar 24 ga Mayu, 1844 saƙon farko ya tashi daga Washington ya isa Baltimore. Shi wannan Cornell ne daga baya ya yi arziki da tangaraho ya kafa jami'ar da ke ɗauke da sunansa.

Lokacin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, darajar gadar ta fito fili. Babu wani layin dogo da ke shiga Washington daga arewa sai wannan. Maryland kuwa jiha ce mai bayi, zuciyar mutanenta da yawa tana wajen 'yan tawayen kudu. Ranar 19 ga Afrilu, 1861 'yan zanga-zanga suka far wa sojojin Massachusetts a titunan Baltimore, aka kashe sojoji da fararen hula, bayan haka aka banka wa gadojin dogo da ke arewacin birnin wuta don kada ƙarin soja ya iso. Farkon watan Mayu Janar Benjamin Butler ya mamaye Relay, ya girke igwa a tudun da ke kallon gadar, kuma sojoji ba su daina gadinta ba har yaƙi ya ƙare. Gadar kamfanin da ke Harpers Ferry, wadda ba ta dutse zalla ba ce, sau tara ana rushe ta ana sake ta a cikin yaƙin, wani lokaci soja wani lokaci ruwa. Ta kan gadar Thomas Abraham Lincoln ya wuce a ɓoye cikin duhun asuba a Fabrairun 1861 zai je karɓar mulki, ta kanta kuma jirgin da ya ɗauko gawarsa ya bi a Afrilun 1865. Sai a 1872 wani kamfani ya shigo Washington da nasa layin, wanda shi ne jiragen fasinja na kamfanin Amtrak ke bi a yau.

Kogin Patapsco ƙarami ne in ka gan shi da rani, amma kwarinsa matsattse ne, in ruwa ya sauka a tuddai sai ya taso gaba ɗaya. Ranar 24 ga Yuli, 1868 ambaliya ta share masana'antu da gidaje a Ellicott City, ta kashe gomman mutane. A watan Yunin 1972 guguwar Agnes ta sake yin irin wannan ɓarna, ta kwashe dogo mai yawa a cikin kwarin. Duka biyun gadar Thomas ta tsaya, kuma tsayinta da yawan ƙofofinta sun taimaka, don ruwa da itatuwan da ya kwaso sun sami wurin wucewa.

Amma kada mu ɗauka duk abin da aka gina da dutse a da ya tsira. Gadar Patterson, 'yar uwarta a kan kogi guda, kamfani guda, dutse iri guda, tana da bakuna huɗu, biyu kawai a kan ruwa. Ambaliyar shekarun 1860 ta ci ta, yau baka ɗaya ya rage a gefen kogi. Muna ganin gadar Thomas muna cewa mutanen da sun iya gini ne saboda ita ce ta rage a tsaye. Waɗanda suka faɗi ba mai ɗaukar hotonsu ya tura wa jikanka. Kuma ko ita ba a bar ta da ikon Allah kawai ba. Babban abokin gabar ginin dutse ruwa ne: ya tsiyaya ta cikin tsakuwar dogo, ya wanke kwaɓi, a ƙasar sanyi kuma ya daskare a cikin tsaga ya buɗa ta. Saiwar bishiya ma in ta samu gurbi sai ta ture dutse. A 1929 an yi babban aikin sake cike kwaɓin da ya zube, aka sake a ƙarshen shekarun 1930. Hanyar ƙafa ta katako da aka maƙala a gefenta ta daɗe da tafiya, shingen ƙarfen ado da ke samanta ma yawancinsa ya kakkarye. A 1964 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Tambayarka ta ƙarshe amsarta tana cikin abin da shi kansa B&O ya yi bayan 1835. Bai ƙara maimaita irin wannan kashe kuɗi ba a hanyarsa ta zuwa yamma. Burinsa kogin Ohio, amma sai a ƙarshen 1852 dogo ya isa Wheeling, shekara 24 bayan aza harsashi, kuma ƙarancin kuɗi na cikin manyan dalilan jinkirin. Shi kansa Latrobe, wanda ya zama babban injiniyan kamfanin a 1842, ya koma gadojin katako, daga baya ya buɗe ƙofa ga na ƙarfe, irin waɗanda Wendel Bollman da Albert Fink suka ƙirƙiro a ƙarƙashinsa. Masu cewa gadar za ta faɗi sun ji kunya. Masu cewa dutse ya yi tsada ga kamfanin da ke da ɗaruruwan kilomita a gabansa kuwa, su ba su yi kuskure ba.

To ka duba lokacin da dogo ya iso mana. Ya shiga Kano a 1911, gadar Jebba ta kammala wajen 1916, ta Makurɗi a 1932. A lokacin ƙarfe ya yi araha, masana'antun Birtaniya na ƙera sassan gada, a loda a jirgin ruwa, a zo nan a ɗaure. Gwamnatin mulkin mallaka kuwa ba ta zo kafa abin tarihi ba. So take gyaɗa da auduga da kuza su isa bakin teku da mafi ƙarancin kuɗi. Sannan Kwara da Binuwai ba Patapsco ba ne. Faɗinsu da zurfinsu da yadda suke cika da damina suna bukatar tazara mai nisa tsakanin ginshiƙai, ga jiragen ruwa da ke bi ta ƙasa. Baka na mita 18 zai bukaci ginshiƙai barkatai a tsakiyar ruwa, kowanne da nasa harsashi a cikin yashi mai zurfi, kowanne kuma wuri ne da ruwa zai iya rarakewa. Baka mafi faɗi da aka taɓa yi wa jirgin ƙasa da dutse shi ne na Solkan, a ƙasar Sloveniya ta yau, wanda aka buɗe a 1906, kuma mita 85 ne. Ƙarfe ya wuce wannan tun da daɗewa.

Ko a Amurkar ma zamanin ya kusa rufewa a lokacin. Kamfanin dogo na Pennsylvania, wanda ya fi sauran kamfanonin dogo kuɗi a ƙasar, ya gama gadar Rockville a kan kogin Susquehanna a 1902, bakuna 48, tsawonta ya haura kilomita ɗaya. A ido dutse ce daga farko har ƙarshe, amma cikinta an cika shi da kankare. Shekara 13 bayan haka, a 1915, wani kamfanin ya buɗe gadar Tunkhannock a jiha guda, mai manyan bakuna ita ma, sai dai babu sassaƙaƙƙen dutse a jikinta, kankare aka zuba a cikin allunan katako. Masassaƙin dutse yakan yi shekaru kafin ya ƙware, kuma kowane dutse sai ya bi ta hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Kankare kuwa lebura da injin kwaɓi sun isa, ya kuma ɗauki duk siffar da aka zuba shi a ciki.